Na taɓa kuɗin koral, wata bakwai ke nan na kasa addu'a. In faɗa wa Allah kaɗai ya isa?

Ɗan Moto (Garwa):

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ku yi haƙuri ba zan sa sunana ba kuma ba zan faɗi cocinmu ba, mu masu sujada da Hausa a nan Garwa ba mu da yawa, kowa ya san kowa. Na rubuta abin nan na goge ya kai sau huɗu, yau dai na ce ko me zai faru sai na aika.

Ni ne ma'ajin koral ɗinmu, wato ƙungiyar mawaƙan coci, shekara uku ke nan. Muna tara kuɗi ne don mu sayi piyano da lasifika, kowa sefa 500 a wata, sai abin da ake ba mu in an gayyace mu waƙa wajen aure ko makoki. Kuɗin na cikin wani ƙaramin akwatin ƙarfe a ɗakina, littafin lissafi ma a hannuna yake. A watan Afrilu, cikin zafin nan da ko kwana a ɗaki ba ya yiwuwa, naƙuda ta kama matata da dare, muka je asibiti suka ce yaro ya kwanta ba daidai ba sai an yi tiyata, aka miƙo mini ordonans, takardar magungunan da zan saya, na duba aljihu 22,000 ce kawai. Moton da nake aiki da shi ma, wato babur ɗin haya, ba nawa ba ne balle in jinginar. Ƙarfe biyu na dare na koma gida na buɗe akwatin nan na ɗauki 185,000. Hannuna na rawa amma na ce wa raina ai rance ne, wata biyu na mayar, ba wanda zai sani. Allah ya sauke ta lafiya, mace muka samu, tana nan tana rarrafe.

Wata biyu ya zama bakwai. Duk fafutukar da na yi 40,000 na iya mayarwa, saura 145,000. Abin da ya fi cin raina ba ɗaukan ba ne ma, kowane ƙarshen wata sai na miƙe gaban 'yan koral na karanta lissafi kamar kuɗin na nan cif, su tafa mini, wata mama har cewa take ɗanmu mai amana. Matata ba ta sani ba, ta ɗauka yayana da ke Yawunde ne ya turo. Duk Lahadin da za a ci Jibin Ubangiji sai in ce ina da fasinja zuwa kasuwar Pitowa, in tafi in wuni can. In na durƙusa zan yi addu'a bakina ya yi nauyi, daga Ubanmu wanda ke cikin sama ba na iya wucewa. Ina tsayawa a layin gaba ina waƙa amma cikina kamar dutse.

Yanzu shugaban koral ya ce a kawo kuɗin farkon Disamba a sayi kayan kafin Kirsimeti. Wani abokina ya ce tuba tsakaninka da Allah ne, ka nemi bashi a waje ka cike gurbin shiru, ba sai ka tona wa kanka asiri ba. Ni kuma ina tsoron horo, na ga yadda ake kiran sunan mutum a sanarwa a mayar da shi bencin baya. Shin in na roƙi Allah gafara na cike kuɗin a ɓoye ya wadatar? Ko dole sai ikilisiya ta ji? Don Allah ku faɗa mini gaskiya.

Gaskiya Ɗaya (Kuseri):

Ɗan'uwa ba zan shafa maka mai a baki ba, kuɗin amana ka taɓa ba da izini ba, sunan abin sata ko da kai ka kira shi rance. Karanta Ayyukan Manzanni sura 5 ka ga Hananiya da Safiratu. Ka je ka faɗa gaban kowa ranar Lahadi, a yi maka horon ka ɗauka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Baba Dattijo (Ngaundere):

Ɗana, sannu. Na karanta saƙonka sau biyu kafin in amsa. Jikata ce ke buga mini wannan a waya saboda idona, in ka ga kuskure ka yafe.

Da farko mu gode wa Allah uwa da jariri suna da rai, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na biyu, nauyin bakin nan da kake ji in za ka yi addu'a, kada ka ɗauka Allah ya yashe ka. Wanda Allah ya rabu da shi ba ya jin komai, yana cin kuɗin ya kwanta ya yi minshari. Dawuda ya faɗi irin naka a Zabura 32, ya ce lokacin da ya yi shiru bai furta ba ƙasusuwansa sun lalace, ƙarfinsa ya bushe kamar a zafin bazara. Kai da kake Garwa ka fi ni sanin abin da bazara ke yi wa jiki.

Yanzu ga tambayarka. Gafara daga wurin Allah take, ba fasto ba dattijo da ke sayar da ita, 1 Yahaya 1:9 a fili take. Akwai zunuban da tsakaninka da Allah ne kawai, ba wanda ya ce ka hau bagade ka zazzage duk abin da ke zuciyarka. Mu a ikilisiyar Lutheran kowace Lahadi da furta zunubi muke buɗe sujada, dukanmu baki ɗaya, kuma katekisim ɗin da muka haddace tun muna yara ya koya mana a gaban Allah mu amsa laifin dukan zunubai har waɗanda ba mu sani ba, a gaban mai sauraro kuwa waɗanda muka sani kuma suke damun zuciyarmu. To amma naka akwai haƙƙin mutane a ciki. Buɗe Littafin Firistoci 6:1-5, in da Faransanci kake karantawa wasu bugun a ƙarshen sura 5 suka sa shi. Maganar wanda aka ba ajiya ce ya ci amana, an ce ya mayar da abin cikakke har ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, ya ba mai shi, a ranar da zai kawo hadayarsa. Ban ce ka ƙara humushin nan ba, ba ƙarƙashin shari'ar Musa muke ba, abin da nake so ka lura shi ne mai kaya da bagade tare aka ambace su. Yesu ma a Matiyu 5:23-24 ya ce ka bar baikonka a gaban bagade ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna. Zakka mai karɓar haraji bai ce tuba tsakanina da Allah ne ba, a tsaye ya faɗi abin da zai mayar.

Shawarar abokinka kuwa, ka ɗauka ka samu bashin ka cike akwatin. Kuɗi ya dawo, to lissafin ƙarya da ka karanta sau bakwai fa, wa zai mayar da shi? Maman nan za ta ci gaba da cewa ɗanmu mai amana, kai kuma duk ranar da ta faɗa sai ka ji kamar an soka maka allura, ga mai bashi a bayanka. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Amma ban goyi bayan ɗan'uwanmu na Kuseri ba da ya ce ka miƙe gaban kowa ranar Lahadi. Laifin Hananiya, Bitrus ya faɗa masa da bakinsa, gonar tasa ce kuɗin ma a ikonsa yake, ƙaryar da ya shirya da gangan don a yabe shi ce ta kashe shi, kuma bai taɓa zuwa yana kuka yana tambaya kamar yadda ka yi ba. Ni a ganina faɗin furci ya yi daidai da faɗin laifi. Wa ka cuta? 'Yan koral. To su ke da haƙƙin ji, ba dukan gari ba. A falkaswar, wato farkawar ruhaniya, da ta tashi a Gahini ta ƙasar Ruwanda a shekarun 1930 ta bazu Uganda da Kenya, mutane sun riƙa furta zunubi a fili suna mayar da kayan da suka sata, suna kiran abin tafiya cikin haske, ikilisiya ta rayu ƙwarai. Amma an kuma samu inda furcin ya wuce gona da iri, mutum ya kira sunan wasu a bainar jama'a ya jawo fitina a gidajen mutane. Saboda haka a yi da hikima. Nemi dattijo ɗaya da ka san cikinsa na riƙe magana, ka tafi da akwatin da littafin, ka faɗa masa duka kada ka rage ko dala, shi ya raka ka wurin shugabannin koral. Ka je da kanka kafin Disamba ta zo ta tono ka, wanda ya kawo kansa da wanda aka kama ba ɗaya ba ne a idon kowace majalisar dattawa da na taɓa zama a ciki.

Maman Biyu (Marwa):

Baba mun gode, Allah ya ƙara girma. Ku ba ni dama in ƙara wani abu ta gefen mata.

Ƙanena tsoron da kake ji ba na banza ba ne, ni an taɓa ƙona ni. Shekarun baya maigidana ya faɗa shan giyar bilbil sosai, albashi ba ya kwana uku, wata rana har hannu ya ɗaga mini. Na daure na daure, ran nan a taron zumuntar mata aka ce mai damuwa ta faɗa a yi addu'a, mu goma sha wani abu ne a ɗakin, na buɗe baki na faɗa ina kuka. Kafin sati ya zagayo mai sayar mini da tattasai a kasuwa, wadda ko cocinmu ba ta zuwa, ta ce sannu madam ashe haka kike fama. Wai duk da sunan a sa ni a addu'a aka yi ta yaɗawa. Maganar ta koma kunnen maigida, abin da ya biyo baya ba zan rubuta ba. Na yi shekara guda cur ban taka coci ba.

Wadda ta dawo da ni wata tsohuwa ce, ko karatu ba ta iya ba. Duk Laraba sai ta zo da ƙwaryar gyaɗarta ta zauna a tabarmata muna ɓarewa, ba wa'azi ba tambaya, in za ta tafi ta kama hannuna ta yi addu'a da yarenta da ko kalma ɗaya ba na ji. Sai a wata na uku na fara ba ta labari da kaina, har ta koma ga Ubangiji ban taɓa jin maganata a bakin wani ba. Shi ya sa nake cewa Yakubu 5:16 gaskiya ce, mu furta wa juna mu yi wa juna addu'a a warkar da mu, amma juna ɗin nan ba kowa da kowa ba ne, magana zarar bunu ce. Karin Magana 11:13 ma ta raba mai tsegumi da mai riƙe asiri.

Kai kuma ɗan'uwa na Kuseri, horo horo da kake kira, mu faɗi gaskiya su wa ke zama a bencin bayan nan? Yarinyar da ciki ya fito da talakan da aka kama. Wanda ya yi mata cikin yana gaba yana kaɗa ganga, mai kuɗin da kowa ya san halinsa shi ake kira ya buɗe baikon gini. Ban ce a daina horo ba, amma Galatiyawa 6:1 cewa ta yi a komo da mutum cikin tawali'u, aya ta biyu kuma ta ce mu ɗauki nauyin juna. Mu mun riƙe sanda mun ajiye kafaɗa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarinka ƙanena, daren nan ne. Ƙarfe biyu na dare, matarka na kan gadon asibiti, wayarka cike da lambobin 'yan koral da na fasto, ba ka kira ko ɗaya ba. Me ya hana? Na san amsar don ni ma haka nake, kunyar a ce ba ka da shi. Da ka kira shugaban koral ka ce ga halin da nake ciki, ina kyautata zaton da bakinsa zai ce buɗe akwatin mu yi magana da safe. Ɓuyan nan tun kafin ka taɓa kuɗin ya fara. Mun saba zuwa coci da wankakken kaya, lafiya lau, mun gode Allah, kowa na mutuwa a ciki.

Kuma don Allah kafin dattijo kafin kowa, matarka. A kan ranta aka kashe kuɗin nan, in ta ji a bakin wani ba za ta manta ba har abada. Zaunar da ita yau.

Ɗan Katolika (Mora):

Ni ɗan Katolika ne, ku yi haƙuri in sa baki. Mu muna da ikirari, wato furta zunubi a wurin Fada, tun babban taron Lateran na 1215 aka wajabta wa kowa aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma Fada ba shi da ikon fitar da abin da ya ji ko da za a yanka shi, wanda ya fitar ya fita daga zumuntar ikilisiya nan take. Na faɗi haka ne saboda abin da ya sami mama ta Marwa, mai karɓar asirin mutane dole a ɗaure bakinsa. Amma ko a wurinmu da ka zo da wannan, Fada zai ce maka ka mayar da kuɗin mutane, ikirari ba ya goge bashi. To ka ga ta ko'ina ka bi, maganar Baba ce.

Tambayata ga cocinku ce. Mutum ɗan layin gaba wata bakwai yana gudun Jibin Ubangiji ba wanda ya lura ya biyo shi gida? Mu nan kusa da Tokombere har yanzu ana tuna Baba Simon, Fadan da ya taso daga kudu a 1959, da yawo ba takalmi cikin duwatsun nan yana bin mutane inda suke, bai zauna jira su zo ba. Ya rasu a 1975, a 2023 Fafaroma Francis ya amince da nagartar rayuwarsa. Makiyayi ƙirga tumaki yake yi da yamma. Muna cewa mutane su buɗe zuciya, to mu ma mu riƙa ƙwanƙwasa ƙofa.

Ɗan Gudun Hijira (Minawawo):

Ni ba ni da abin cewa a kan kuɗi, manya sun gama. A kan addu'ar da ka kasa zan yi magana. Daga gefen Gwoza muka gudo a 2014, muka hau duwatsu muka sauko Kamaru da kayan jikinmu, ƙanena bai iso ba. Na yi kusan shekara biyu a sansanin nan ina zuwa sujada ina tafi ina amin amma ban yi wa Allah magana ba, fushi nake da shi kuma ina tsoron in faɗa. Wata rana wani mai bishara ya karanta mana Zabura 88, ina jira in ji inda za ta juya ta zama yabo kamar sauran, ba ta juya ba, da duhu ta ƙare. Na ce ashe irin wannan ma an bar ta cikin Littafi. Daren nan na fita bayan tanti na ce Allah ina fushi da kai, ina ƙanena. Ban samu amsa ba har yau, amma daga ranar bakina ya buɗe.

Kada ka jira sai ka gyara komai kafin ka yi masa magana ɗan'uwa. In Ubanmu wanda ke cikin sama ta tsaya maka a wuya, bar ta tukuna, ce masa na ɗauki 185,000 na yi ƙarya sau bakwai ina jin tsoro. Ya riga ya sani ai, yana wurin da ka buɗe akwatin.

Ɗan Moto (Garwa):

Na dawo 'yan'uwa. Na gode, duk na karanta har da na ɗan'uwa na Kuseri, ya yi zafi amma sunan da ya kira abin shi ne sunansa.

Ranar Talata da dare na tsaya da moto kusa da gadar Binuwai na kashe inji, na faɗa wa Allah kamar yadda ɗan'uwa na Minawawo ya ce, da lambobin da komai. Na yi kuka kamar yaro. Daga nan gida na nufa, mama na bi maganarku, na tashi matata na faɗa mata. Ta daɗe ba ta ce uffan ba tana kallon jaririyar, sannan ta ce wato wata bakwai ina aika wa yayanka gaisuwar godiya kana ji kana shiru. Wannan ya fi mari zafi. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba sai dai ta ajiye abinci. Ranar Alhamis da safe ta ce kwasar adashinta farkon Disamba ne, 60,000, a sa a ciki, kuma ƙafata ƙafarta zuwa wurin dattijon.

Baba, mun je jiya da akwatin da littafin. Ya ƙirga kuɗin a gabanmu ya rubuta ya sa hannu ni ma na sa. Abin da ban zata ba, ya ce ya lura tun watan Yuni ba na cin Jibi, ya yi ta cewa zai zo bai zo ba, ya ce in yafe masa. Ban san inda zan sa kaina ba. Bai ɓoye mini ba, ya ce ma'aji kam na sauka, maganar horo kuma ba shi kaɗai ke yankewa ba sai majalisa ta zauna, amma zai faɗa musu da ƙafata na zo. Ya ce daga yanzu zai kawo shawara kuɗin kowace ƙungiya mutum biyu su riƙa sa hannu, kada a sake barin wani shi kaɗai da akwati a ɗaki.

Gobe Asabar bayan gwajin waƙa zan tsaya gaban 'yan koral, shi zai tsaya kusa da ni. In an cire na adashi saura 85,000, na rubuta zan riƙa biyan 10,000 duk wata, piyano dai ba na jin za a samu kafin Kirsimeti kuma ni na jawo. Wadda na fi jin tsoron haɗa ido da ita maman nan ce mai cewa ɗanmu mai amana, ita ma 500 ɗinta na ciki, ƙosai take soyawa a bakin hanya. Ƙarfe huɗu ne na yamma, duk wanda ya tuna ya sa ni a addu'a a lokacin.